TARIHIN CANZA KAN MOTA: ME YA SA TSOHUWAR HILUX TAKE KARƁAR SABON KAI?

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya mu leƙa gareji.

Ka taɓa ganin tsohuwar motar ɗaukar kaya, kanta fari, bayanta shuɗi? Sau da yawa ba fenti ba ne ya ƙare. Kan ne aka cire gaba ɗaya aka ɗora wani. Kamar dai yadda muke canza wa waya kes da gilashi, amma bod ɗin yana nan.

Abin ya samo asali ne tun farkon ƙera motoci. A 1917 kamfanin Ford na Amurka ya fito da Model TT, motar ɗaukar kaya, amma shasi da inji kawai yake sayar maka. Kai ne za ka je wajen masu haɗa bodi su yi maka wurin zama da wurin kaya. Sai a 1924 Ford ya fara haɗa mata kai daga masana'anta, a 1925 kuma ya fitar da ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya. Ka ga tun daga tushe shasi daban ne, kai daban, baya daban. Ko a nan Arewa haka manyan motoci suka daɗe: kai na ƙarfe, bodi na katako da kafintocin gida suke haɗawa.

Ƙananan motoci sun bar wannan tsari. Citroën ta Faransa ta fitar da Traction Avant a 1934, bodi da shasi a haɗe, a hankali sauran kamfanoni suka bi. Amma motar kaya ta ƙi. Ford ya gwada haɗe kai da baya a 1961, zuwa 1963 ya daina. Dalili? Shasi yana ɗan murɗewa idan aka yi lodi aka shiga gargada. Idan kai da baya a haɗe suke, murɗewar sai ta kai ga ƙofofi. Shi ya sa har gobe kake ganin ɗan rata tsakanin kai da baya.

Toyota Hilux, wadda ta fara fita a 1968, a kan wannan tsari take. Kan yana zaune ne a kan robobi, an ɗaure shi da 'yan kusoshi. Idan tsatsa ta cinye ƙasan ko motar ta yi hatsari, makanike zai kwance sitiyari, layin birki, kulochi da wayoyi, a ɗaga kan a ɗora wani. A Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano irin wuraren da ake neman waɗannan kaya ke nan.

To ga inda za ka lura, ko canzawa za ka yi ko saye.

Na farko, zubi. An sauya ƙirar Hilux a 1972, 1978, 1983, 1988 da 1997. Kan wani zubi ba lallai ya hau shasin wani ba sai da yanka da walda, kuma walda a wurin zaman kai ba abin wasa ba ce.

Na biyu, ɓangaren sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, motocinmu sitiyari a hagu yake. Kan da ya fito daga Japan ko Ingila ramukansa a dama suke.

Na uku, wanda ya fi jefa mutane a matsala: lamba. Akwai lambar da aka buga a jikin shasi, akwai ƙaramin faranti mai lamba a jikin kai. Idan aka canza kai, biyun ba za su zo ɗaya ba. Kamar IMEI ɗin kwali ne ya saɓa da na cikin waya. Ranar da 'yan sanda ko kwastam suka duba, bayani ba zai yi sauƙi ba.

Don haka kafin ka biya kuɗi, ka sunkuya ka karanta lambar shasi da idonka, ka gwada da takarda. Idan kai ka sa aka canza, ka karɓi rasit na kan da ka saya, ka je ofishin lasisi a gyara bayanai.

Allah Ya tsare mu da asara. Ka tura wa ɗan uwanka direba ko makanike ya karanta.