Kwamfutocin Galadima da Tafintansu

Waɗanda suka daɗe da zama a Abuja za su iya tuna shekarar 2007, lokacin da aka raba wa ɗaliban firamaren Galadima, can gefen hanyar Kubwa, wasu ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari. Sunan kwamfutar XO-1. Ta fito ne daga shirin One Laptop per Child, wato kowane yaro da kwamfutarsa, wanda Nicholas Negroponte na jami'ar MIT a Amurka ya ƙaddamar a 2005. Gwamnatin Obasanjo ta nuna sha'awar sayen guda miliyan ɗaya, amma cinikin bai faɗa ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne tafintan da ke cikinta. Ita kwamfuta ba ta jin kowane yare sai na lambobi. Idan aka rubuta umarni da yaren Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, dole sai wata manhaja ta tsaya tsakani, tana karantawa tana gaya wa inji abin da zai yi. Wannan manhaja ita ce tafinta. Tsarin Sugar da yaran suke gani a fuskar XO an rubuta galibinsa da Python ne, har aka sa hanyar da yaro zai buɗe asalin rubutun manhajar ya duba cikinta.

To, mai karatu zai ce ina matsalar take? Ai zamani ba ya jiran kowa. An daina kula da Python 2 a farkon 2020. A 2023 kuma babbar manhajar Debian ta daina tallafa wa irin ƙwaƙwalwar da ke cikin XO-1, wato AMD Geode mai gudun megahaz 433. Ma'ana, wanda ya tsinci kwamfutar nan a yau ba lallai ya samu sabon tafinta ɗinkakke da zai dace da ita ba.

Mafita ita ce ɗinki daga yadi. Shi tafintan Python da yaren C aka rubuta shi, kuma asalin rubutunsa kyauta ne a intanet. Sai mutum ya sauko da shi, ya ba da umarnin configure don a auna injin, sannan make, inda manhajar GCC za ta juya rubutun zuwa lambobin da Geode ke ganewa. Da yake ma'adanar wucin-gadin XO-1 megabayit 256 ce kacal, aikin na cin lokaci sosai. Shi ya sa wasu kan yi ginin a babbar kwamfuta, sannan su kwaso.

Mu da muka baro garuruwanmu mun san darajar tafinta. Baƙon da ba shi da mai fassara masa kurma ne ko a tsakiyar kasuwar Wuse. Haka ma inji. Kyautar kwamfuta ba ta wadatar da makaranta idan babu wanda ya iya gina mata manhaja bayan masu kyautar sun tafi. Don haka duk mai tsohuwar kwamfuta a ɗaki, kada ya yi saurin miƙa ta ga 'yan gwangwan. A ba yara su koyi wannan aiki a kanta.

Allah Ya sa mu dace.