Daga Zabirar Wanzami Zuwa Rabin Reza: Wace Aska Za Ka Fara Saye?

Yau maganar aska za mu yi, don samari da dama daga Lahodu, Achida har Goronyo sun turo tambaya iri ɗaya: mutum na son ya fara yi wa kansa gyaran fuska, kuɗin ba yawa, wace aska zai saya? Zan ba da amsa, amma ku bari in ɗan ja ku baya tukuna.

A ƙasarmu da, namiji ba ya aske kansa. Aikin wanzami ne, kuma gado ne, ɗa ya karɓa wajen uba, ga Sarkin Aska a kansu. Cikin zabirarsa akwai asake iri-iri, da ƙaho, da dutsen washi. Shi ke askin suna ran bakwai, shi ke kaciya, shi ke cire beli, shi ke tsagar gado da ake gane Bagobiri ko Bakabe da ita. Wato likita ne, kuma shi ke rubuta wa mutum katin shaidarsa a kumatu.

Askar kuwa maƙeri ke ƙera ta, da ƙarfen da an ka narko daga tama. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗi kuma can ya rasu a 1837, ya yi rubutu yana jan hankalin masu mulki su zaunar da masu sana'a cikin garuruwansu, har da maƙera. To duk inda maƙera ta zauna, wanzami ya samu kayan aiki.

Sai 1903. A watan Maris na wannan shekara Turawa sun ka ci Sakkwato. A shekarar nan dai, can Amurka, kamfanin wani mutum mai suna King Gillette ya fara sayar da reza, wadda ake aski da ita a yar. Abin da ya sayar a shekarar farko bai wuce abin aski 51 da reza 168 ba. Wa zai ce wannan ƴar falle za ta zo har kasuwar Rabah ta raba wanzami da rabin cinikinsa? Narkar da tama ma ta mutu a hankali, don ƙarfen Turawa ya fi sauƙin samu, maƙera sun ka koma ga tsohon sifirin mota.

Amma ni a ganina ba reza ce ta fi girgiza sana'ar ba, cuta ce. A 1986 aka bayyana samun cutar ƙanjamau a Nijeriya, mutane sun ka fara tsoron aska ɗaya kan kawuna goma. Wadda ma ta fi saurin kamu ita ce ciwon hanta nau'in B: ƙwayarsa na iya kwana bakwai da rai cikin busasshen jini a bakin ƙarfe. Goge aska da tsumma ba ya kashe ta. Shi ya sa nake murna da tambayar ku, mallakar askarka kai kaɗai ba gayu ba ne.

To, yanzu zaɓi. Akwai askar Turawa mai naɗewa, irin ta garin Solingen a Jamus ko Thiers a Faransa. Tana da kyau, tana kai shekaru har a gada, sai dai tsada, kuma sai ka haɗa da dutse da fatar washi. Masu kama da ita masu ƙyalli da ake zubawa a faranti da araha, ku rabu da su wallahi, ƙarfen ba ya riƙe kaifi.

Akwai ta maƙeri. Ba ta da tsada, kuma in an dace da ƙarfe tana ci. In ita kake so, je da wanzamin da ka yarda da shi ya zaɓa maka. Duba bakin a hasken rana, kar ka ga giɓi ko karkata, sannan gwada ta a gashin hannunka, ta ɗauke shi ba tare da ka danna ba. Tana tsatsa, don haka a shanya a shafa mata ɗan mai. Matsalarta ɗaya: in ba ka iya washi ba, bayan ƴan kwanaki ta zama wuƙar yankan albasa.

Ga ɗan koyo dai, ni mai rabin reza nake cewa a fara da ita, irin wadda ke hannun masu shagon aski. Siffarta ta aska ce, amma reza ake karyawa biyu a saka. Ba washi, kuma in ta dakushe canzawa kawai za ka yi. Wajen saye ka saka reza ka girgiza, in tana motsi a ciki ajiye ta, ita ce mai tsaga kumatu.

Jiƙa gashin da ruwan ɗumi da sabulu, ja fatar da ɗayan hannun, kwantar da askar kusa da fata, kar ka tsayar da ita. Bi inda gashi ya kwanta, don gashinmu mai murɗewa ne, in ka yi masa gaba da gaba ƙuraje za su fito. Fara da kumatu. Wuya da ƙeya ka bar wa wanzami tukuna, sai dai ka tafi masa da taka askar. In ya ɓata rai, ka tuna masa an ce wanzami ba ya son jarfa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.