Asalin Jarrabawar Shiga Makarantun Ciniki

A shekarar 1953 waɗansu manyan makarantun koyon ciniki guda tara na ƙasar Amurka, har da Harvard da Columbia, suka haɗa kai don su sami ma'auni ɗaya na zaɓen ɗalibai, gama masu neman shiga daga jami'o'i dabam dabam su ke fitowa, kowace da irin mudunta. A 1954 aka fara jarrabawar, a 1976 aka raɗa mata suna GMAT. A da makinta daga 200 ne zuwa 800.

To, a 1997 aka ajiye takarda aka koma kwamfuta. In ka amsa tambaya daidai, sai ta ƙaro maka wadda ta fi wuya, in ka kuskure ta sassauta. Saboda haka mutum biyu sai su ci tambayoyi daidai wa daida, amma makinsu ya bambanta, don har nauyin tambaya a ke aunawa. A ganina wannan adalci ne, sai dai a wancan lokaci wanda ya wuce tambaya ba shi da ikon komawa kanta.

A ƙarshen 2023 aka fito da sabon tsari mai kashi uku, kowane minti 45, watau lissafi, da fahimtar karatu, da nazarin alƙaluma. Maki ya koma 205 zuwa 805, aka kuma yarda mutum ya gyara amsa uku a kowane kashi.