Miyar naman sa ta ƙasar Filifin da tambayar da take ɗora wa kudancin Jigawa

A ƙasar Filifin, ƙaramin gidan abinci na bakin titi sunansa karinderiya. Wasu kan ce masa turo-turo, wato nuna-nuna, domin tukwane ne a jere, mai saye ya nuna wadda ransa ke so da yatsa, a zuba masa a kan farar shinkafa. Duk wanda ya taɓa tsayawa cin abinci a tashar Birnin Kudu ko a rumfunan kasuwar Sara da ke Gwaram ya san irin wannan waje: na direbobi ne da leburori da ɗalibai, kuma miyar nama ce ke jan ciniki.

Miyar naman sa a can kala-kala ce, kowace da tarihinta. Sifaniyawa sun mulki tsibiran daga 1565 zuwa 1898, kuma daga kalmarsu ta babbar tukunya aka samo sunan kaldereta. Da naman akuya aka fara saninta, daga baya na sa ya shigo. Ana dafa ta da tumatir, tattasai, dankalin turawa da karas, sannan a yi mata kauri da niƙaƙƙiyar hanta. Pares kuwa ta zamani ce. Ana danganta ta da wani gidan abinci mai suna Jonas da aka buɗe a birnin Quezon a 1979, kuma nama ne da aka dafa har ya yi laushi cikin ruwan waken suya mai gishiri da ɗan sukari, a haɗa shi da soyayyiyar shinkafa mai tafarnuwa da kofin romo.

Wadda Bahaushe zai ɗanɗana ya ji kamar ya santa ita ce kare-kare. Jelar sa da tumbi, wani lokaci har da ƙafa, ake dafawa tsawon sa'o'i, sai a dama gyaɗa da garin soyayyiyar shinkafa a zuba, a ƙara yalo da ɗanyen wake da furen ayaba. Gishirinta kaɗan ne, don haka ake ajiye bagoong a gefe, wato jatan lande da aka tsima da gishiri, wanda aikinsa ya yi kusa da na daddawa, ƙamshinsa ma ba ya ɓuya. Kamanninta da miyar taushe ko miyar gyaɗa yana da dalili. Gyaɗa 'yar nahiyar Amurka ce: jiragen ruwan Sifaniyawa da suka riƙa zirga-zirga tsakanin Mekziko da Manila har zuwa 1815 na cikin hanyoyin da amfanin gonar Amurka ya isa Filifin, 'yan Fotugal kuma suka kawo gyaɗar gaɓar Afirka ta Yamma, ta hauro har ta zama dalar Kano.

Ga Musulmi akwai wurin yin hattara, musamman ɗalibai da ma'aikatan da ke haɗuwa da wannan girki a Manila, ko a unguwar Batha ta birnin Riyadh inda 'yan Filifin ke da gidajen abinci. Jin cewa naman sa ne bai wadatar ba. Miyar mechado ta samo sunanta daga kalmar Sifaniyanci ta lagwani, saboda a asalin girkin ana soka siririn kitsen alade a tsakiyar tsokar domin kada ta bushe. Hantar gwangwani da ake sa wa kaldereta ma tana iya zama ta alade. A Saudiyya doka ta riga ta raba wannan gardama, amma a Filifin sai an tambaya. Ƙidayar 2020 ta nuna Musulmin ƙasar sun kai kimanin miliyan 7, akasarinsu a kudu, inda aka kafa yankin Bangsamoro mai ƙwarya-ƙwaryar 'yanci a 2019. Suna da miyarsu, tiyula itum ta ƙabilar Tausug, wadda ake baƙanta ta da ƙonanniyar kwakwa. A Manila, kewayen Masallacin Zinare da ke Quiapo ne matattarar abincin halal.

Abin da ya haɗa waɗannan miyoyi da farfesun ƙasar Hausa shi ne sassan da ake dafawa. Jela, ƙafa, kai, ƙashi mai ɓargo da kayan ciki, su ne mai ƙaramin ƙarfi ke iya taɓawa, kuma doguwar wuta ce kaɗai ke mayar da su abin marmari. Filifin ba ƙasar shanu ba ce. Garkenta bai wuce miliyan 3 ba, shi ya sa take sayo nama daga Birazil da Ostireliya, da naman ɓauna daga Indiya. Najeriya kuwa, wadda ake ƙiyasta shanunta da kimanin miliyan 20, ta haramta shigo da naman sa. A takarda, mai sayar da abinci a Jigawa ta fi takwararta ta Manila gata nesa ba kusa ba.

Kiwo a wannan yanki ya daɗe ƙwarai. Zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda masu bincike suka fara rubuta labarinsu a shekarun 1950, galibinsa hoton shanu ne. Yalwan Damai, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar, tana cikin wannan ƙasa ta noma da kiwo. Amma tsarin cinikin bai tsaya kan tukunyar gida ba. Dillalai na sayen manyan bijimai a kasuwanni irin su Maigatari, a loda su da ransu a tirela zuwa Legas da Fatakwal, tafiyar kusan kilomita 1,000 ko fiye. San da aka yanka a Legas, jelarsa da ƙafarsa da kayan cikinsa da fatarsa duk a Legas suke tsayawa, tare da aikin mahauta da harajin mayanka. Mahaucin ƙauye, wanda sau da yawa sai ranar kasuwa yake yanka, da kuɗin 'yan tirela yake gogayya kafin ya samu abin da zai kayar.

Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara kuɗin wannan jigila, kuma a watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo. An yi ta magana kan rikicin manoma da makiyaya, wanda ya cancanci a yi. Maganar da ba ta cika samun kujera a taro ba ita ce ta inda ake yanka dabbar: mayanka mai tsafta kusa da kara, wutar lantarki mai riƙe ɗakin sanyi, da motocin da za su kai tsoka Kudu a bar sauran sassan a kasuwannin Birnin Kudu da Gwaram.