Ajin Manya a Kagoro

Jirgin ƙasa ne ya raya Kafanchan a shekarun 1920, amma karatun manya a ƙasarmu mishan ce ta kawo shi. 'Yan mishan na SIM sun sauka Kwoi a 1910, daga baya suka kafa makarantar Littafi Mai Tsarki a gindin dutsen Kagoro. Ɗalibanta ba yara ba ne. Magidanta ne masu kanta a hannu, wasu har da matansu da goyo.

Kakana yana cikin waɗanda almajiran makarantar suka koyar a ƙauye. Bayan an taso daga gona, sai a shimfiɗa tabarma, a kunna aci-balbal, malami ya nuna baƙi da tsinke, dattawa suna maimaitawa. Da Hausa ake yi, domin an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da ita a 1932. Ƙabilun Bajju da Atyap da Ham suka samu harshen addu'a ɗaya, wanda kuma shi ne harshen maƙwabcinsu Musulmi a kasuwa.

A ganina, nan aka yi sakaci: an koya wa mutane addininsu da kyau, ba a koya musu na maƙwabci ba. Rikicin Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a Maris 1987 ya tona wannan giɓi. Sai a 1995 Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa suka haɗa hannu a Kaduna don sasanta Kirista da Musulmi, a 2016 kuma al'ummomin yankin suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan.

Shugabannin cocin ECWA da Katolika, ku sa darasin addinin maƙwabci a ajin manya da Zumuntar Mata.