USS Enterprise, Jirgin Ruwan Yaƙin Amurka

USS Enterprise jirgin ruwan yaƙi ne na Amurka mai ɗaukar jiragen sama, wanda ya fara aiki a watan Mayun 1938. Ranar 7 ga Disamba, 1941, da Japan ta kai hari Pearl Harbor, yana kan hanyar dawowa daga tsibirin Wake, don haka harin bai rutsa da shi ba. A watan Yunin 1942 jiragen samansa na cikin waɗanda suka nutsar da manyan jiragen ruwan Japan huɗu a yaƙin Midway.

Mutum fiye da 2,000 ne ke aiki a cikinsa, kuma matuƙan jirgin sama kaɗan ne a cikinsu. Yawancinsu makanikai ne, da masu loda bamabamai, da 'yan kwana-kwana, da masu dafa abinci. Waɗanda ke ɗakin inji ba sa ganin faɗan ko kaɗan, sai dai su ji ƙarar bindigogi da girgizar jirgin a cikin zafi mai tsanani. Ranar 24 ga Agusta, 1942, bamabamai uku suka faɗa kansa a yankin tsibiran Solomon, suka kashe mutum fiye da 70. Ranar 14 ga Mayu, 1945, wani matuƙin Japan ɗan ƙunar baƙin wake ya afka masa, kuma bai sake komawa fagen fama ba.

Ya samu taurarin yabo 20, adadin da babu jirgin ruwan Amurka da ya kai shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Tsofaffin sojojinsa, da goyon bayan Admiral William Halsey, sun yi ƙoƙarin mayar da shi gidan tarihi, amma kuɗin bai taru ba. A 1958 aka sayar da shi ga masu farfasa jirage.