Ina Yaran Nassarawa Suka Shiga?

Mai karatu, in kai ma'abocin finafinanmu ne, ka san wannan fitowar: mota ta tsaya a bakin ƙaton get, a yi hon sau biyu, maigadi ya rugo yana "sannu da zuwa Alhaji", a buɗe, a shige, a rufe. Tun zamanin kaset ake ɗaukar irinta a gidajen Nassarawa GRA. Na kalle ta har ba adadi, amma sai kwanan baya na lura da abin da babu a cikinta: ba yaro ko ɗaya a bakin titi. Na so in ɗora wa daraktoci laifi kamar yadda na saba, sai na je unguwar da la'asar, na ga ashe gaskiya suka ɗauka.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, tun asali don gudun yara aka tsara wurin. Da Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903, a Nassarawa suka sauka, inda Sarki ke da gidan hutu a wajen ganuwa, daga baya suka faɗaɗa zuwa Bompai. Likitocinsu na lokacin sun yi imani cewa a jinin yaran 'yan ƙasa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta fi zama, sauro kuwa daga jikinsu yake ɗauka ya kai wa Bature. Shi ya sa tsarin birane na zamanin Lugga, wajen 1917, ya ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata. Kuku da boyi za su iya shiga, tunda ba a iya yi sai da su. 'Ya'yansu ne ba a so. Wato dokar kariya ta farko a Nassarawa, Bature take karewa daga yaro. Yaran da aka yi maraba da su su ne 'ya'yan sarakuna da aka kawo makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a nan a 1909, a inda gidansa yake har yau.

Bayan 1960, musamman da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 Audu Baƙo ya zama gwamna, sai manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji gidajen. Su kuwa ba su zo su kaɗai ba. Sun zo da mata, da 'ya'ya, da 'ya'yan riƙo, da ƙannen mata, boskwata kuma ta cika da iyalan direba da mai wanki. A irin wannan boskwata mahaifina ya tashi a shekarun 1970, kakana yana tuƙa wani babban ma'aikaci. In ya fara labari, har abinci yakan huce.

Ya ce gidajen ba katanga, sai shingen fulawa da ɗan yaro zai kutsa ta ƙarƙashi. Kowane gida fili ne fetal, ga mangwaro, ga gwaiba, ga darbejiya ta rufe titi da inuwa. Ɗan maigida da ɗan direba tare suke fita da hantsi ran Asabar, kowa da dankonsa a wuya, ba mai tambayarsu ina za su. Su bi ta filin sukuwa su ga ana kilisa, su leƙa filin gwaf su tsinci ƙwallayen da suka ɓace a ciyawa, su kai wa masu wasa a ba su 'yan kwabbai. Su ƙera motar kara, su gara taya, su yi langa har ƙafa ta gaji. Mai gadin da ya kama ka a kan bishiya zai zane ka, kai ko ba ka isa ka kai ƙara gida ba, domin a ƙara maka ne. Doka ɗaya ce tak: kiran sallar magariba ya same ka a tsakar gida. Ran sallah kuwa a loda yara goma sha a bayan fijo ko a-kori-kura, a nufi Gidan Zu, kowa ya riƙe na kusa da shi. Bel? Ai sai a 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra, tilasta ɗaura bel kuma sai Janairun 2003. Ka dai tuna da dokar hular kwano ta 2009, da 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙoƙo a ka.

To amma kar daɗin labari ya kwashe mu. Na taɓa matsa wa Baba da tambaya, sai ya yi shiru, sannan ya ambaci wani abokinsu da ya shiga kududdufi da damina bai fito ba. Tsargiya kuwa, ya ce har ana ɗaukarta alamar girma ga ɗa namiji. Shi kansa hannunsa na hagu bai miƙe daidai ba har yanzu, aikin reshen mangwaro da mai ɗori. Masu ba mu labarin daɗin jiya, waɗanda suka tsira ne. Sannan ka lura, duk wannan yawo na maza ne. Gwaggona, da suka tashi gida ɗaya, iyakarta gaɗa da carafke a bayan kicin, sai aike.

Yaushe abin ya juya? Ba rana ɗaya ba ce. Rikicin Maitatsine na Disambar 1980 ya nuna wa Kanawa cewa gari na iya birkicewa yaro yana waje. Fashi da makami ya sa shingen fulawa ya koma bulo, aka jera masa fasassun kwalabe, daga baya waya mai ƙaya. Gidajen gwamnati suka koma hannun masu kuɗi, aka yanka fili ɗaya gida uku ko huɗu, aka sare mangwaron aka shimfiɗa intalok. Mu ma 'yan fim da namu kason. Tun daga Turmin Danya a 1990, bidiyo ya zaunar da yaro a falo, iyaye kuma suka ji daɗin hakan: gara ya kalli Sangaya sau goma da ya je inda ba su sani ba.

Ni na riski wutsiyar abin. Muna firamare mukan tako daga unguwarmu mu shiga GRA neman 'ya'yan goruba da kallon motoci, ba wanda ya damu. Ranar Juma'a, 20 ga Janairu, 2012, ta yanke wannan. Bama-bamai suka tashi a hedikwatar 'yan sanda ta Bompai da wasu wurare, mutum sama da 180 suka rasu, aka sa dokar hana fita. Tituna suka cika da shingaye da buhunan yashi. Bayan shekara guda aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero hari, aka hana goyo a babur. Daga nan sai satar yara: tara da aka gano a Anaca a 2019, da yarinyar nan 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace a ƙarshen 2021 ya kashe, wadda ta sa duk uwa a Kano kuka. Wa zai ga laifin matar da ta kulle ƙofa bayan wannan? Ni dai ba zan gani ba. Har tashe, wanda yara ke jira daga goma ga azumi, 'yan sanda suka hana shi a 2022 saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya.

Abin da ke ci mini rai shi ne, kullen bai zo wa kowa daidai ba. Ɗan gida yana ciki, daga mota sai makaranta, daga makaranta sai islamiyya, sai wayar uwarsa. Ɗan direba ba ya boskwata kuma, an mayar da ita ɗakin janareto. Yaron da ya rage a titin Nassarawa shi ne almajiri da robarsa, wanda bai taɓa samun mai hana shi fita ba.

Watan jiya na ɗauki Baba a babur muka je neman gidan da ya tashi. Muka zaga layin sau uku bai gane shi ba. Daga ƙarshe wata tsohuwar darbejiya ce ta nuna masa wurin. Ya sauka yana leƙe ta jikin get, sai maigadi ya fito ya ce, "Baba, lafiya? Wa kake nema?"